Digiri na biyu a ilimin ABA: Me ake koya wa malamai da masu ba da shawara, kuma wa takardar take yi wa amfani?

A ce malama ce ke riƙe da aji uku a wata firamare a Amurka. Da zarar ta raba takardun lissafi, sai wani yaro ya ture kujera, ya yayyaga takardarsa, ya kama ihu. Ita kuma ta kora shi ofishin shugaban makaranta. Gobe haka, jibi haka. A ɗakin malamai tuni an gama yanke masa hukunci: yaron nan kangararre ne, daga gida aka lalata shi.

Idan makarantar ta kira wanda ya yi karatun ABA, zai ja kujera ya zauna a bayan aji da takarda da agogo, ya yi kwanaki yana rubuta abu uku kacal: abin da ya faru gab da rikicin, abin da yaron ya aikata, da abin da ya biyo baya. Bayan nan zai iya gaya wa malama maganar da ba za ta yi mata daɗi ba, wato korar da take yi wa yaron ita ce ladansa. Lissafi yake gudu, ita kuma kullum tana buɗe masa ƙofa da hannunta. A ganinta horo take yi masa, alhali kuwa ban ruwa take yi wa halin da take son kashewa.

Wannan sauyin tambaya, daga "wane irin yaro ne wannan?" zuwa "me wannan halin yake samar masa?", shi ne jigon karatun baki ɗaya. ABA gajartaccen sunan fannin ne da Turanci, da Hausa kuwa za mu iya kiransa nazarin ɗabi'a a aikace. Bahaushe ya riga ya faɗa, ruwa ba ya tsami banza. Su waɗannan mutanen sun ɗauki ma'anar wannan karin magana sun mayar da ita sana'a mai ma'auni da jarrabawa da lasisi, har dubban malaman makaranta da masu ba da shawara a Amurka suna komawa jami'a don su samu shiga cikinta.

Asalin ilimin daga ɗakin gwaji ne. B.F. Skinner na Jami'ar Harvard, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1990, ya shafe shekaru yana gwaji da ɓeraye da tantabaru, ya nuna cewa abin da ke biyo bayan aiki shi ke sa a maimaita aikin ko a bar shi. Littafinsa na farko a kan haka ya fito a 1938. Na bayansa ne suka fitar da abin daga keji zuwa cikin mutane. A 1959 Teodoro Ayllon da Jack Michael suka wallafa rahoton wani aiki da aka yi a asibitin masu taɓin hankali a lardin Saskatchewan na Kanada, inda aka koya wa ma'aikatan jinya su canza yadda suke mayar da martani ga majinyata, sai halayen majinyatan ma suka canza. Har yau haka aikin yake tafiya: galibi babban da ke tsaye a kan yaro ake fara gyara wa hannu.

Shekarar da fannin ya yanke cibiya ita ce 1968, lokacin da aka fara buga mujallar binciken fannin, JABA. A fitowarta ta farko Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley na Jami'ar Kansas suka jera sharuɗɗa bakwai da aiki zai cika kafin a kira shi ABA, waɗanda har gobe ɗalibai ke haddacewa. Cikinsu akwai cewa halin da za a taɓa ya zama mai muhimmanci ga rayuwar mutumin, a iya ganinsa a ƙirga shi, a iya nuna cewa matakin da aka ɗauka ne ya kawo sauyin, a kuma rubuta matakin dalla-dalla yadda wani zai iya maimaita shi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne maƙalar da ta buɗe mujallar. R. Vance Hall da abokan aikinsa ne suka rubuta ta, a kan aji na firamare: yaran da ba sa mayar da hankali sun ƙara karatu da malamansu suka riƙa kula su a lokacin da suke aiki, suka kuma kau da kai a lokacin da suke shiririta. Shekara guda bayan haka, a 1969, aka wallafa wani wasa da aka gwada a aji huɗu a Kansas, inda ake raba aji gida biyu, duk rukunin da ya fi kiyaye doka ya samu 'yar garaɓasa. Wato tun kafin a haɗa sunan ABA da otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar mutum da jama'a, wadda wasu kafafen yaɗa labarai na Hausa ke kira galahanga, fannin yana cikin aji tare da alli da allo.

Abin da ake karantawa

Hukumar da ke ba da takardar shaida ana kiranta BACB. An kafa ta a 1998, ta samo asali ne daga tsarin da jihar Filorida ke amfani da shi, hedikwatarta kuma tana jihar Kolorado. Matakanta kamar tsani suke. A ƙasa akwai RBT, wanda ake nema masa takardar sakandare da horon awa 40 da jarrabawa, shi ne ke zama da yaro yana aiwatar da tsarin da aka rubuta masa. A tsakiya akwai BCaBA, mai digiri na farko. A sama akwai BCBA, mai digiri na biyu, wanda ke bincike, ya rubuta tsari, ya kuma duba aikin na ƙasa da shi. Wannan na saman shi malamai da masu ba da shawara ke nema.

Bisa ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2022, mai neman BCBA sai ya mallaki digiri na biyu, ya kuma yi awa 315 na darussan fannin a matakin gaba da digiri na farko. An kasa awannin kamar haka: 90 na falsafa da tushen ƙa'idoji, 60 na hanyoyin sauya hali da zaɓen wadda ta dace, 45 na aunawa da tsara gwaji, 45 na binciken hali, 45 na ɗa'ar aiki, sai 30 na kula da ma'aikata. A aikace kusan kwasa-kwasai bakwai ke nan. Wanda bai da digiri na biyu yakan yi cikakken mastas a ABA, kimanin shekara biyu. Malamin da ya riga ya yi mastas ɗinsa a fannin ilimi, ko mai ba da shawara da ya gama nasa, yakan ɗauki kwasa-kwasan nan kawai ya ɗora a kai. Kafin 2022 sai digirin ya kasance a nazarin ɗabi'a ko ilimi ko halayyar ɗan Adam, daga baya aka buɗe ƙofa ga kowane fanni. Amma hukumar ta sanar cewa daga 2032 sai wanda ya kammala cikakken digiri a shirin da aka tantance za ta karɓa, don haka wannan gajeriyar hanya kwanakinta ƙidayayyu ne.

Darasin da ya fi girgiza malami shi ne na aunawa. A nan ake hana shi kalmomin da ya saba da su. "Kangararre" ba ya ƙirguwa, "rago" ba ya ƙirguwa, "mai taurin kai" ma haka. Za a ce masa ya bayyana halin ta yadda idan aka zaunar da mutum biyu a kusurwa biyu na aji, kowa da takardarsa, ƙidayarsu za ta zo ɗaya. A al'adar fannin ana son su dace a kashi 80 cikin 100 ko fiye. Sai ya koma ya rubuta: "barin kujera ba izini fiye da daƙiƙa biyar a lokacin aikin lissafi". Daga nan ya koyi ko sau nawa zai ƙirga, ko tsawon lokacin da halin ke ɗauka, ko jinkirin da ke tsakanin umarni da fara aiki, ya kuma zuba komai a kan zanen da ke nuna hawa da sauka kullum. Mutanen ABA suna da son zanen nan kamar ɗan kasuwa da littafin bashi.

Tsarin gwajinsu ma daban yake da wanda aka saba koyarwa a tsangayar ilimi, inda ake kwatanta rukunin ɗalibai ɗari da wani rukunin ɗari. Su mutum ɗaya suke kwatantawa da kansa. Za a auna halin yadda yake ba tare da an taɓa komai ba, a shigo da matakin gyara, a janye shi a ga ko halin zai dawo, a sake mayar da shi. Idan zanen ya yi ƙasa, ya yi sama, ya sake yin ƙasa daidai da shiga da fitar matakin, to an samu hujja. Inda janyewa ke da haɗari, kamar yaron da ke buga kansa da bango, ko inda abin da aka koya ba ya mantuwa, kamar karatu, sai a shigo da matakin a lokuta daban-daban ga yara daban-daban ko a wurare daban-daban, a duba ko sauyin na bin sawun matakin.

Sai binciken dalilin hali, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar. Ana koya wa ɗalibi cewa yawancin halayen da ke damun mutane suna samar wa mai su ɗaya daga abu huɗu: kulawar wani, tserewa daga abin da ba ya so, samun wani abu a hannu, ko wani daɗi da jiki ke ji daga aikin kansa. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa suka nuna yadda za a gwada wannan kai tsaye. Sun ɗauki mutum tara masu raunata kansu, suka riƙa sa su cikin yanayi daban-daban na ɗan gajeren lokaci: nan a kula shi idan ya yi halin, can a ɗauke masa aiki idan ya yi, can kuma a bar shi shi kaɗai. A shida daga cikin taran, halin ya fi yawa a yanayi guda takamaimai. Ma'anar wannan babba ce: yara biyu na iya yin ihu iri ɗaya, amma maganin da zai yi wa ɗaya aiki ya ƙara lalata ɗayan. Wanda ke ihu don a kula shi, fitar da shi daga aji na iya rage ihun. Wanda ke ihu don ya tsere, fitar da shi biyan buƙata ne.

A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka ƙara wani tubali: idan hali saƙo ne, to a koya wa yaro hanya mafi sauƙi ta isar da saƙon. Yaronmu na lissafi sai a koya masa ɗaga wani kati da ke cewa yana son a taimaka masa ko yana son hutun minti biyu, a kuma amsa masa nan take, a rage masa tsaurin aikin zuwa daidai ƙarfinsa, sannan yaga takarda ta daina fitar da shi daga aji. Ana kuma gargaɗin ɗalibi cewa ranar da hali ya daina biya, yakan ƙara tsananta kafin ya lafa, kamar mutumin da ya danna makunnin fitila ta ƙi kamawa, sai ya yi ta dannawa da ƙarfi. Malamai da yawa a daidai nan suke karaya su koma gidan jiya, sai su koya wa yaron cewa ihu mai ƙarfi ne ke aiki.

Inda gizo ke saƙar

Duk wannan a aji ne, kuma a ganina shi ne ƙaramin ɓangare. Babban shi ne aikin fili ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ƙa'idar 2022 ta ce awa 2,000, mai duba aiki yana tare da kai a kashi 5 cikin 100 na awannin kowane wata, ko kuma awa 1,500 idan kulawar ta kai kashi 10. Ba a yarda ka tara ƙasa da awa 20 ko sama da 130 a wata ba, don haka ko mutum ya fi kowa himma sai ya yi kusan shekara, yawanci ma fiye. Sannan aƙalla kashi 60 cikin 100 na awannin sai sun tafi a irin aikin da BCBA ke yi da kansa, wato bincike da rubuta tsari da nazarin alƙaluma da horar da wasu. Zama da yaro kana koyar da shi ba zai wuce kashi 40 ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke ba malamin aji wahala. Yana tare da yara daga safe har azahar, amma yawancin abin da yake yi ba ya shiga lissafi. Dole ya nemi izini ya shiga wasu azuzuwan ya yi bincike, ya horar da mataimakan malamai, ya zauna bayan an tashi yana zana alƙaluma. Kuma sai ya samu mai duba masa aiki. Gundumar makarantu mai hali tana da BCBA nata, malami ya samu kulawa kyauta. Inda babu, sai ya biya wani daga aljihunsa, sau da yawa ta bidiyo. Jami'o'i da dama da ke koyar da kwas ɗin ta intanet darasi kawai suke bayarwa, aikin fili kuwa kowa tasa ta fishshe shi. Ga shi kuma a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Mutum biyu za su fito da takarda iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara biyu kusa da gwani yana gyara masa kuskure a gaban yaro, ɗayan kuwa sa hannu kawai ake yi masa a fom ƙarshen wata. Takardar ba ta nuna wannan bambanci.

Bayan nan sai jarrabawa: tambaya 185 cikin awa huɗu, 175 daga ciki ake ba maki. A 'yan shekarun nan masu cin ta a zaman farko suna tsakanin rabi da kashi biyu bisa uku, masu maimaitawa kuwa ƙasa da haka sosai. Hukumar tana wallafa sakamakon kowace jami'a, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Wanda ya ci sai ya riƙa sabunta takardarsa duk shekara biyu da awa 32 na ƙarin ilimi. A jihohin Amurka fiye da 30 kuma akwai lasisin jiha da ake nema daban.

Me ya sa malami zai ɗora wa kansa wannan kaya? Wani ɓangare doka ce. A 1997 aka yi wa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman ta Amurka gyara, aka shigar da batun binciken dalilin hali da tsarin gyara ta hanyar ƙarfafawa, musamman idan za a ɗauki matakin ladabtarwa mai tsanani a kan irin waɗannan yara. Tun daga nan makarantu ke buƙatar wanda ya iya wannan aiki. Akwai kuma tsarin PBIS, wanda Rob Horner da George Sugai suka yi fice a kansa daga Jami'ar Oregon, yanzu yana dubban makarantu: a koya wa duk ɗalibai dokokin makaranta a sarari a kuma yaba wa mai kiyayewa, 'yan kaɗan da hakan bai ishe su ba a ƙara musu tallafi a rukuni, ƙalilan kuma a yi wa kowannensu tsarin kansa. Malamin da ya zama BCBA yakan bar ajinsa ya koma mai zagaya makarantu yana horar da 'yan'uwansa. Hanyar horon ma sananniya ce: a faɗa maka, a nuna maka, ka gwada, a gyara maka, har sai ka iya. Lacca kaɗai ba ta shiga lissafi a wajensu.

Mai ba da shawara shi nasa lamarin ya fi sarƙaƙiya. An tarbiyyantar da shi a kan sauraro, da tambayar me mutum yake ji, me yake tunani. Ya shigo ajin ABA sai a ce masa "fushi ne ya sa ya yi duka" zagaye ne kawai, domin daga dukan ka gane fushin, sannan ka dawo ka ce fushin ne ya jawo dukan. Skinner bai musanta tunani da ji ba, ya ɗauke su a matsayin ɗabi'u ne da ke faruwa a cikin mutum, su ma suna da nasu dalilan a waje. Wasu masu ba da shawara wannan yakan yi musu tsauri har su ji kamar an raba su da sana'arsu. Amma akwai gadoji tsakanin ɓangarorin biyu. Hanyar jinyar da Steven Hayes na Jami'ar Nevada ya jagoranci samar da ita, wadda ake kira ACT, daga wannan gida ta fito. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya nuna cewa ba masu shan hodar iblis takardar sayayya duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito babu ƙwaya yana taimaka musu su daina. Sai dai iyaka tana nan: takardar BCBA ba ta ba mutum ikon gano cuta ko yin jinyar ƙwaƙwalwa ta hanyar hira. Wannan lasisi ne daban da karatunsa daban. Mai riƙe da biyun dole ya san wace hula ya sa a kowane zama, ya kuma gaya wa iyaye.

Kuɗi da suka

Ba za a fahimci yawaitar waɗannan kwasa-kwasai ba sai an bi sawun kuɗi. A 1987 Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya wallafa cewa cikin yara 19 masu otizim da aka yi wa horon ABA na kusan awa 40 a mako, tara sun shiga aji ɗaya na makarantar kowa da kowa ba tare da tallafi na musamman ba, alhali cikin yara 40 na rukunan kwatance, waɗanda ba su samu wannan horo mai tsanani ba, ɗaya ne kawai ya kai haka. Iyaye suka rungumi wannan sakamako, suka yi ta matsa wa 'yan majalisa. Jihar Indiyana ta fara tilasta wa kamfanonin inshora biyan kuɗin jinyar otizim a 2001, zuwa 2019 kuwa duk jihohi 50 sun ɗauki irin wannan mataki. A daidai lokacin alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka tashi daga yaro ɗaya cikin 150 a shekarar 2000 zuwa ɗaya cikin 36 a 2020. Inshora na biya, kuma takardar BCBA take nema kafin ta biya. Masu riƙe da ita yanzu sun haura 60,000, mafi yawansu a aikin otizim. Jami'o'i suka ga kasuwa suka buɗe ajin intanet, masu zuba jari suka saye cibiyoyin jinya. Makarantun gwamnati kuwa sukan horar da malami, ya samu takarda, cibiya mai biyan albashi mai tsoka ta ɗauke shi.

Sukar da ake wa fannin tana da nauyi, kuma kwas ɗin da ya ɓoye ta ya cuci ɗalibansa. Binciken Lovaas ba a raba yaransa ta hanyar ƙuri'a ba, kuma bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta yi a 2018 ta ce hujjar da ke goyon bayan irin wannan horo mai tsanani na ƙananan yara mai rauni ce. Shi kansa Lovaas a shekarun 1960 ya yi amfani da mari da girgizar lantarki. Wata cibiya a jihar Massachusetts, Judge Rotenberg Center, ta ci gaba da amfani da na'urar girgiza fata har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta na'urar a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021, sai a 2022 babbar ƙungiyar masana fannin, ABAI, ta fito ta yi tir da hanyar. Mafi zafin suka kuwa daga manya masu otizim take fitowa, waɗanda wasunsu suka bi ta wannan horo suna yara. Suna cewa an koya musu biyayya da ɓoye kansu, an hana su kaɗa hannu da jijjiga jiki, abubuwan da ba sa cutar da kowa kuma suke kwantar musu da hankali, don kawai su yi kama da sauran yara. Kundin ɗa'ar aiki da ya fara aiki a 2022 ya shigo da batun neman amincewar shi wanda ake wa aikin, ko da yaro ne da iyayensa suka riga suka sa hannu, ya kuma ce ba a zuwa ga hukunci sai hanyoyi masu sauƙi sun gaza. Ko hakan ya isa, ana nan ana ta muhawara. Ni dai ina ganin makami mai kaifi ne, kuma awa 45 na ɗa'a sun yi kaɗan ga wanda za a damƙa wa shi.

Ƙofar da aka rufe

Ga mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi da ya ga tallar irin wannan kwas a intanet, akwai magana ɗaya da ya kamata ya sani kafin ya taɓa aljihunsa. A ƙarshen 2019 hukumar BACB ta sanar cewa daga 1 ga Janairun 2023 ba za ta ƙara karɓar sabbin masu nema daga yawancin ƙasashen duniya ba. Ta bar Amurka da Kanada, da Birtaniya da Ostireliya a lokacin. Mazaunin Nijeriya ko Nijar ko Gana zai iya biyan dala ya gama kwasa-kwasan wata jami'ar Amurka daga ɗakinsa, amma ba zai zauna jarrabawar BCBA ba muddin a gida yake zaune. Hujjar hukumar ita ce kowace ƙasa ta gina nata tsarin daidai da dokokinta. Wasu hukumomi biyu, IBAO da QABA, suna ba da takardunsu ga 'yan ƙasashen waje, su ma da sharaɗin darasi da aikin fili da jarrabawa. Don haka tambayoyin da za a yi wa mai talla su ne: wace takarda kwas ɗin ke kaiwa gare ta, wa zai duba aikin fili, kuma wa zai karɓi takardar a inda mutum zai yi aiki.

Ilimin kansa ba a rufe shi ba, kuma akwai inda zai sauka. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Oyo da aka keɓe don wannan, jami'o'i da yawa kuma suna koyar da jagoranci da ba da shawara. Sai dai tsarin awa 40 a mako, ma'aikaci ɗaya yaro ɗaya, ɗan inshorar Amurka ne. Abin da zai fi shiga ajin da ke da yara 80 ko 100 shi ne tsohon ɓangaren fannin, na 1968 da 1969: inda malami ke kai idonsa da yabonsa, da wasan raba aji gida biyu, wanda allo da alli sun ishe shi. Malamin da bulala ce kaɗai kayan aikinsa zai amfana da tambayar ko yaron da yake duka kullum a kan abu ɗaya, dukan yana rage halin kuwa.

Kuma duk wanda ya karanto abin daga waje sai ya tace shi. Tsofaffin manhajojin horar da yara masu otizim da yawa suna farawa ne da koya wa yaro ya kalli babba cikin ido idan an kira sunansa. A gidan Bahaushe yaron da ya tsura wa mahaifinsa ido yana magana, rashin kunya ya yi, mai tarbiyya shi ne wanda ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Montrose Wolf ya rubuta tun a 1978 cewa dole a tambayi mutanen da abin ya shafa ko burin da aka sa a gaba da hanyar da aka bi da sakamakon da aka samu sun karɓu a wajensu. Uwa a Katsina mai ɗa ɗan shekara shida da ba ya magana, idan aka tambaye ta, da wuya ta fara da kallon ido. Za ta ce ya iya nuna yana jin ƙishirwa, ya iya zuwa banɗaki da kansa, ya daina ficewa titi idan an bar ƙofar zaure a buɗe.